Farantin da Nake Mayar wa Kuku

Ana ɗora tebur na bakwai a mota Kuku ya fito daga kicin da ludayi a hannu, ya dafa na takwas ɗin ya ce wannan kam ba inda za shi. Masu ɗaukar kaya suka tsaya suna duban Auta, Auta tana duban ubanta, ni kuma ina bakin shagona da allura a baki ina dubansu duka.

"Baba, an riga an sayar. Goma sha biyu na ce wa mutumin."

"Ki ce masa idonki ne ya ƙara miki ɗaya."

 Ta ɗan jira, shi ma ya ɗan jira, sannan ya ɗauke hannunsa, don shi ba mutumin da zai tsaya kokawa da 'yarsa a bakin titi ba ne. Aka ɗaga teburin aka kifa a kan 'yan'uwansa, ƙafafu sama. Da motar ta tashi ya juyo ya gan ni, ya ce, "Rediyo, kin samu labaran yau." Na cire allurar na ce ai tun ɗazu na fara watsawa. Ya yi 'yar dariya ya koma ciki.

Bari in gaya muku yadda muke da shi. Shagon ɗinkina da gidan abincinsa bango ɗaya ne ya raba mu, shekara talatin da biyu. A saman shagunan akwai ɗakunan kwana, nawa a hagu, nasa a dama, matakala ɗaya muke hawa. Ina jin tarinsa, yana jin kekena. Shi ya laƙaba mini Rediyo, wai tun da aka kunna ni ba a samu mai kashewa ba, ni kuma ban taɓa kiransa da komai ba sai Kuku, har unguwa ta ɗauka. Matarsa ta riga mijina rasuwa da shekara biyu. Manyan 'ya'yansa sun yi nisa, sai Auta, ta ƙarshensu, da ta bar aikin ofis ta dawo ta riƙe masa harkar gidan, shi ya riƙe tukunya.

Kada ku ɗauka yarinyar muguwa ce. Da can in rana ta yi tsaka sai ka ga ma'aikatan ofis da direbobi da masu shaguna sun cika zauren, wasu a tsaye suna jiran kujera. A hankali abin ya canza. Mutane suka koma latsa waya, mai babur ya kawo musu abinci har inda suke zaune, ba sai sun taka ba. Haya ta hau, gas ya hau, man girki ya hau, zauren tebur goma sha biyu kuwa wata rana mutum uku za ka gani a ciki, biyu daga cikinsu shayi suka zo sha su yi cajin waya. Auta ta ce a mayar da zauren ga mai ginin, a riƙe kicin, a fasa taga ta gefen lungu inda masu babur za su riƙa karɓa. Haka aka yi. Zauren ya zama shagon kayan waya. Masu kai abinci tebur su biyu da mai wanke-wanke aka sallame su da haƙƙinsu. Abinci ya koma fita a robobi masu murfi, cikin leda, da 'yar takarda mai lamba maƙale a jiki. Ciniki kuma ya tashi, wannan ba mai musu; har layin babura ake yi a lungun, ni da nake son shiru a gefena sai da na saba da hayaƙi.

Abin da Auta ba ta kula da shi ba shi ne faranti.

Tun da na san Kuku yana da wata ɗabi'a. Akwai 'yar taga tsakanin zaure da wurin wanke-wanke, ta nan farantai ke komawa. Da an fara cin abincin rana sai ya bar murhu ya je ya tsaya a nan, ba a zubar da ragowar kowa sai ya gani. In an tura shinkafa gefe, ba ta nuna ba. In nama ya dawo da shaidar haƙori, a ƙara masa wuta. In an bi miya da burodi an share tas, to ranar ba a sake taɓa tukunya. Har kwalaben ruwan da ke kan tebura yake leƙawa: in suna ƙarewa da wuri gishiri ya yi yawa, sai ya koma ya gyara miyar kafin mutanen ƙarfe biyu su iso. Ba ya tambayar kowa ko abinci ya yi daɗi. Ya ce mutane kunya suke ji, kowa cewa zai yi ya yi. Mai wanke-wanke ta sha kawo mini ƙara, wai tsohon nan yana tsare mata hanya kamar ɗan sanda. Duk mun ɗauka tsirfa ce irin ta tsofaffin ma'aikata.

Yanzu kuwa roba in ta fita ta fita ke nan.

A satin farko na gan shi ta tagar lungu, ƙarfe ɗaya tana yi ya ajiye ludayi ya nufi inda tagar farantai take a da, ya tarar an toshe ta da bulo, ya ɗan tsaya, ya dawo. A sati na biyu ya shigo shagona da faranti rufe da wani farantin, ya dire a kan teburin yanka, dab da yadin mutane, har na yi masa faɗa.

"Daga yau abincin ranarki yana wuyana," in ji shi. "Amma da sharaɗi. Kada ki wanke. Yadda kika tashi daga kansa, haka za ki mayar mini."

Na ce to, wa zai ƙi. A raina na ce kirki ne irin nasa, ba ya so in wahala da wanke-wanke.

Watan farko abinci lafiya lau. In cinye tas, in kai masa farantin ta tagar lungu, in kutsa tsakanin masu babur suna ce mini Inna a yi a hankali. Ya karɓa, ya karkata shi wajen haske, ya gyaɗa kai, ya ce Rediyo ta sha batir.

Wajen tsakiyar wata na biyu na kai loma ta farko na ji gishiri ya ɗan yi gaba. Na ce yau hannu ya zarce, kowa yana yi. Washegari haka. Rana ta uku ma haka. Kafin sati ya zagayo na tabbata abin ya zauna: miyar in ta taɓa harshe sai ka ji har cikin kunne. Ni kuma ga hawan jini, likita ya hana ni gishirin kirki ma balle wannan.

To a nan ne na yi abin da na yi. Ni dai yadda aka tashe ni, maƙwabci ba ya aiko maka da abinci ka mayar masa da rabi. Ai kamar ka ce masa bai iya ba ne. Kuma mutumin da aka kwashe wa tebura watan jiya, ni ce zan ƙara masa wani ɓacin rai? Ya ce kada in wanke, ban wanke ba. Sai in juye miyar a wani kwano, in ɗauraye naman in sake dafa shi da dankali da yamma, shinkafar in ci abin da zan iya, sannan in gutsuri burodi in bi farantin da shi in share, yadda zai fito kamar na mai jin yunwa. Har gwaninta nake yi: in bar ƙwayar shinkafa biyu ko uku a gefe don kada abin ya yi kyau da yawa. Ya karɓa, ya karkata wajen haske, ya gyaɗa kai. Ni kuma in dawo shago ina jin na yi zumunci.

Wata biyu muna haka.

A wayar Auta akwai wurin da masu saye ke ba da taurari, biyar ne ƙarshe, su kuma rubuta abin da suka ga dama. Ita ta nuna mini wata rana da ta kawo a rage mata riga. Ta ce in taurari suka yi ƙasa, kamfanin da ke haɗa su da masu saye sai ya tura sunan gidan can ƙasan jeri, inda yatsan mai jin yunwa ba ya kaiwa. Nasu sun fara zubewa. Ta karanta mini kaɗan: wani ya ce sai da ya sha ruwa kwalba biyu, wata ta tambaya ko da ruwan teku ake dafawa. Ni kuwa na yi kamar zare ya ƙi shiga allura.

Sauran ta bango nake ji. Kicin ɗin Kuku yana da doka tun fil azal: ba mai sa cokali a tukunyarsa. Auta ta karya dokar, ta ɗanɗana, ta gaya masa gaskiya. Ya ce lemon kwalba ne ya lalata mata harshe. Ta nuna masa wayar, ya ce mutanen da ba su da fuska ba za su koya masa girki ba. Wa ya sani ma ko mai babur ne ya bar abincin a rana. Kullum kuma wuri ɗaya yake tsayawa: "Je ki dubi farantin Rediyo. Matar da ba ta iya rufe baki ba, da akwai magana da tuni unguwa ta ji."

In na ji wannan sai in ƙara taka keke da ƙarfi.

Layin baburan ya fara gajarcewa. Auta ta samo wata mata da ta yi aiki a kicin ɗin otal, ta ce za ta zo ta riƙa taimakawa; kowa ya san ma'anar taimakon. Kuku ya ce matuƙar yana numfashi ba mai tsayawa gaban murhun nan sai shi. A ƙarshe suka yi yarjejeniya, kuma ba su shawarce ni ba: za a tambaye ni. In na ce abinci lafiya, Auta ta bar maganar. In na ce akwai gyara, ya sauka.

Wata Talata ce da yamma, ina yanka hannun riga, suka shigo su biyu, shi da ƙyallen girki ɗaure a ƙugu, ita da waya a hannu. Auta ta tura ƙofa ta rufe.

"Inna, a shagon nan kika goya ni. Ba ki taɓa yi mini ƙarya ba. Abincin Baba, yaya yake?"

Kuku ya jingina da bango yana murmushi irin na wanda ya riga ya san sakamako. "Faɗa mata, Rediyo. Ƙara murya."

Na dubi almakashi. Na yi tunanin in ce lafiya lau in huta. Amma na ga idon yarinyar, ya faɗa, ga ta ta bar aikinta ta zuba rayuwarta duka a kicin ɗin nan. Na ajiye almakashin.

"Gishiri ya yi yawa, Kuku."

"Yau?"

"Wata biyu ke nan."

Murmushin bai tafi nan da nan ba, kamar ya manta shi a fuska. "Farantin fa?"

"Ni nake share shi. Da burodi."

Na zaci zai yi faɗa, har na shirya. Bai yi ba. Ya tambaye ni ƙwayoyin shinkafar da ake bari a gefe, na ce su ma ni ce. Ya gyaɗa kai. Ya kwance ƙyallen, ya ninke shi gida huɗu, ya miƙa wa Auta, ya fita. Muka ji takunsa a matakala, ɗaya bayan ɗaya, sannan ƙarar ƙofa.

Kwana tara bai sauko ba. In na ƙwanƙwasa sai ya amsa daga ciki cewa barci yake. Matar otal ta fara aiki, mace mai hankali, ba ruwanta da kowa, taurari suka fara komawa mazauninsu. Na dafa masa ɗan abinci na aika ta hannun Auta. Kwanon ya dawo wankakke, an goge shi har yana ƙyalli. Na gane saƙon.

Rana ta goma Auta ta leƙo ta ce ƙafafunsa sun kumbura, in ya kwanta numfashi yana yi masa wuya. Aka kai shi asibiti. Likita ya ce zuciya ce, ta daɗe da gajiya, shi ne bai faɗa ba. Aka ba shi gado.

Na je duba shi rana ta uku, lokacin Auta tana wurin aiki. Ɗaki ne mai gado shida, nasa na kusa da taga. An kawo abincin asibiti, farar shinkafa da wata miya kamar ruwan wanki, mutumin gadon kusa yana ta tsaki a kan nasa, shi kuwa Kuku yana ci hankali kwance. Na ja kujera na zauna na ce ashe akwai ranar da zan ga ka ci irin wannan ba ka aika a kira mai dafawar ka yi masa lacca ba. Ban yi zaton zai amsa ba.

"A bakina, da wannan da naman kaza duk ɗaya ne," in ji shi. "Shekara shida ke nan, Rediyo. Kin tuna zazzaɓin da ya kwantar da ni sati biyu? Na tashi, harshen bai tashi ba. Hancin ma sai abu ya ƙone."

Na ce shekara shida, wa ya sani? Ya ce ba kowa. Ya ce hannunsa ya san awo, kunnensa ya san ƙarar albasa in ta yi, idonsa ya san launin miya. Abin da ya rage, farantai ke gaya masa. A da mutum sittin, saba'in kullum suna ɗanɗana masa ba su sani ba. Da aka kwashe tebura sai ya rasa waɗanda suka rage duka rana ɗaya.

"Na duba unguwar nan kaf na ce wa ne ne ba ya iya ɓoye magana. Na zaɓe ki. Ashe ranar da nake bukatar surutunki, ranar kika koyi kara."

 Na ce ya yafe mini. Ya ce in bar wannan, shi ma ai da ya buɗe baki; amma kukun da ba ya jin ɗanɗano, wa zai je ya faɗa wa? Abin da ke damunsa ɗaya ne, in ji shi: hannunsa bai canza ba. Awon da yake zubawa shekara talatin shi yake zubawa. To daga ina gishirin ya fito? Ko dai hannun ma ya bi harshen bai sani ba? Wannan ce tambayar da ta zaunar da shi a ɗaki kwana tara, ba fushi da ni ba, ko da yake fushin ma akwai. Na ce ya gaya wa Auta. Ya juya fuska wajen taga. Sannan ya ce, "Ke ce Rediyo. Ki watsa. Amma tasha ɗaya."

Na samu Auta a kicin bayan hayaniyar rana ta lafa. A tsaye na gaya mata, tsakanin buhun shinkafa da tulin robobi. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta zauna a kan bokiti da waya a cinya, wayar tana ta ƙara ba ta duba ba. Can ta miƙe ta jawo wani ƙaton gwangwani daga kan kantar kicin, ta juya bayansa tana karanta ƙananan rubutun. Da ɗanyen tumatir ya yi tsada ta daina saye, ta koma wannan markaɗaɗɗen da 'yan sari ke kawo wa gidajen abinci. An riga an zuba masa gishiri da kayan ɗanɗano tun daga kamfani. Watan da ta fara sayensa, shi ne watan da gishiri ya fara yawa. Matar otal ta ɗanɗana ranar farko ta rage hannu, ba ta ga abin faɗa a ciki ba. Shi kuwa tsohon yana zuba awonsa a kan nasu.

"Ni na canza masa kaya ban gaya masa ba," in ji ta. "Na ɗauka zai ji a baki."

Ta kai masa gwangwanin asibiti a cikin leda, kamar kayan dubiya. Ba na wurin, mutumin gadon kusa ne ya ba ni labari daga baya: wai tsohon ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya ɗaga hannunsa na dama ya duba shi gaba da baya, ya ce, "Ashe ba kai ba ne." Wai ranar har ƙarin abinci ya nema.

Bayan kwana takwas aka sallame shi da jakar magunguna da dokoki: ban da yawan hawa matakala, ban da tsayuwa, ban da zafin wuta. Likitan ya ja Auta gefe ya gaya mata abin da likitoci ke faɗa a gefe. Tun a mota Kuku ya fara maganar murhu. Ta ce likita ya hana. Ya ce likitan nan bai taɓa ciyar da mutum saba'in ba. Ta zo wurina neman shawara, na ce ni kam na gama yanke hukunci a kan mutumin nan, amma in ta bar shi a sama yana kallon silin, ba zuciyar ce za ta fara gamawa da shi ba.

Suka sake yarjejeniya, wannan karon a gabana. Tukunyar miyar safe tasa ce, babbar, wadda ake ɗorawa kafin oda ta fara shigowa. Awa ɗaya. Sauran na matar otal ne. Kwanon gishiri kuma yana hannun Auta: shi zai ce lokaci ya yi, ita za ta ɗanɗana ta zuba. Dokar cokali ta faɗi ke nan. Ya ce ya yarda, da sharaɗin kada a kawo masa kujera.

An kawo kujerar, bai zauna ba. Safiyar farko na leƙa ta tagar lungu da sunan neman aron ashana. Yana tsaye, ya rame, ƙyallen ya zagaye shi har da saura, yana juya albasa ya karkata kai yana saurare. Auta tana gefensa da kwano da cokali. Yana gaya mata abubuwan da bai taɓa gaya wa kowa ba: yadda ƙarar mai ke sauka in albasa ta yi, yadda kumfar miya ke komawa tsakiya in ta kusa. Can ya ce, "Yanzu." Ta ɗanɗana, ta zuba kaɗan, ta juya, ta sake ɗanɗanawa. Ya tsura wa fuskarta ido.

"Ya yi, Baba."

"Kada ki yi mini irin ta Rediyo."

Ta sake kai cokali. "Saura kaɗan," in ji ta, ta ƙara.

Ya hango ni ya ce ashana tana kan kantar can, in ɗauka in ba mutane wuri, gidan nan yanzu ba a zama.

Safiya huɗu ya yi. A ta huɗun, da zai hau sama ya tsaya a tsakiyar matakala ya dafa bango. Na fito na tsaya a ƙasa na shiga ba shi labarin wata mata da ta kawo mini yadin da bai isa rigar jariri ba tana so in fitar mata da doguwar riga har da aljihu, don dai kada a ce hutawa yake. Ya saurara har ƙarshe, abin da bai saba ba, ya ce in ɗinka mata aljihun kawai ta riƙe. Sannan ya ƙarasa hawa.

Safiya ta biyar Auta ta yanka albasa, ta ɗora tukunya, ta jira. Ina ɗakina ina shan shayi, na lura ban ji tarinsa ba, amma ban kawo komai a rai ba. Ƙarfe bakwai ta wuce. Sai na ji takunta a matakala da sauri, sannan shiru, sannan ta ƙwanƙwasa mini bango. Na shiga na same shi zaune a bakin gado, ya jingina, ya sa rigar aiki, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a ƙasa kusa da hannunsa. Fuskarsa lafiya lau. Auta tana durƙushe ta riƙe ƙafar da ba takalmi. Na rufe masa ido, na yi masa addu'a, na sauka na kashe gas ɗin da ta bari a kunne.

A ruɗanin ranar ba wanda ya tuna ya rufe karɓar oda a waya. 'Yar na'urar da ke fitar da takardu ta yi ta aikinta a kicin, har takardar ta sauko ƙasa ta nannaɗe. Masu babur suka fara zuwa kamar kullum, su tarar da taga a rufe da mutane cike da lungu. Da labari ya zagaya a tsakaninsu, sai na ga suna kashe inji tun daga bakin titi, su turo babur da hannu. Da yawa ba su san sunansa ba, Baba kawai suke ce masa, amma sun raka shi har makwancinsa da akwatunan kai abincinsu a baya. Mai wanke-wanke ta zo, da tsofaffin direbobi, da wasu masu furfura da na sani tun suna zuwa cin abincin rana da sababbin takalman fara aiki. Manyan 'ya'yansa sai washegari suka iso.

Bayan sati ɗaya aka buɗe. Auta ta ce tukunyar safe ita za ta riƙa yi, matar otal ta ce hakan ya yi. Auta ta kira ni in taya ta wanke kicin kafin a kunna wuta, muka janye tabarmar robar da ta shimfiɗa masa gaban murhu bara saboda ciwon gwiwa. A ƙarƙashinta simintin ya lotsa wuri biyu, gefe da gefe, sumul, kowanne daidai tafin ƙafa, na dama ya ɗan fi zurfi. Ruwan wankin ya gangaro ya taru a ciki. Auta ta tsaya da tsintsiya a hannu tana dubawa, sannan ta jingine ta. Ta kunna wuta, ta ɗora mai, ta tsaya ɗan gefe tana miƙa hannu tana juya albasa. Ruwan yana nan kwance a wuri biyun, hasken taga a cikinsa.